Yadda Za A Koya Wa Ɗaliban Likitanci Yin Bincike Tare Da Mutanen Gari

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni likita ne a Birnin Kebbi, kuma bana aka ɗora mini nauyin kula da ɗaliban likitanci da za su fita zaman ƙauye na makonni shida. An ce a wannan karon ana so su yi bincikensu tare da ƙungiyoyin al'umma. Abin da na sani, wanda shi aka yi mana muna ɗalibai, shi ne a kai gaisuwa wurin uban ƙasa, a bi gida-gida da takardun tambayoyi, a dawo a rubuta kundi. Mene ne bambancin wannan da abin da ake nema yanzu? Da wace ƙungiya zan fara, kuma yaya zan yi kada binciken ya rasa ingancinsa?"

Wa alaikumus salam, Likita. Allah ya taya ka riƙo. Idan na fahimce ka, kana tambaya ne a kan yadda ɗalibi zai daina kallon mutanen gari a matsayin wurin da ake ɗebo amsoshi, ya koma kallonsu a matsayin abokan aiki, ba tare da aikin ya sauka daga matsayin binciken ilimi ba. Na yi shekaru ina fita da ɗalibai garuruwan da ke bakin fadamar Argungu da yankin Yauri, kuma abin da na fi tabbatarwa shi ne haɗin gwiwa yana farawa tun kafin a rubuta tambayar binciken, kuma ba ya ƙarewa sai an koma an faɗa wa mutane abin da aka gano. Duk abin da ke tsakani yana da sauƙin koyarwa idan an kama waɗannan bakuna biyu.

Fitar da ɗaliban likitanci zuwa karkara ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Jami'ar Ibadan ta fara shirinta na Ibarapa a garin Igbo-Ora tun 1963, kuma bayan taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978, wanda ya sanya sa hannun jama'a cikin ginshiƙan kiwon lafiya matakin farko, makarantun likitanci sun ƙara ba abin muhimmanci. Sai dai a aikace, mafi yawan abin da muka gada shi ne wanda ka bayyana: ɗalibi ya zaɓi take a ɗakin karatu, ya kwafo takardar tambayoyi daga wani tsohon kundi, ya je ya auna "sani da ɗabi'u" na mutane a kan wata cuta, ya kammala da cewa suna buƙatar wayar da kai. Kundin yana samun maki, amma garin ba ya jin komai, kuma shekara mai zuwa wasu ɗaliban su koma da tambayoyi iri ɗaya.

Abin da tarihin yankinmu ya koyar

Ina fara darasin ɗalibaina da labarin gubar dalma ta Zamfara, domin a nan kusa ya faru. A farkon 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, yara suna amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu aiki. Da aka bincika sai aka gano duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an tarar kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Abin da nake so ɗalibi ya riƙe shi ne wannan: daga baya mutanen suka ba da labarin cewa tun kafin yara su fara mutuwa sun ga agwagi suna ƙarewa. Ilimin yana nan a garin, a idon matan da ke tsakar gida, babu dai wanda ya zauna ya tambaye su da irin tambayar da za ta fito da shi. Haka kuma da aka zo gyara, magani shi kaɗai bai wadatar ba, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka fitar da aikin niƙa bayan gari, wanda ba zai yiwu ba sai da yardar masu haƙar da iyayen ƙasa da matan gidajen. Garin Bagega ma sai a 2013 aka yi masa wannan aikin.

Darasi na biyu mai ɗaci ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, an gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, kuma iyaye suka yi ƙarar cewa ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Shari'ar ta kai ga sulhu tsakanin kamfanin maganin da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa tunawa a 2003, sa'ad da wasu jihohin Arewa, har da Zamfara, suka dakatar da rigakafin shan-inna. Amincewar ba ta dawo sosai ba sai da sarakuna da malamai suka shiga aikin da kansu, har aka kai ga ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali a watan Agustan 2020. Saboda haka idan wani magidanci ya tambayi ɗalibinka inda za a kai jinin ɗansa, kada ɗalibin ya ɗauka jahilci ne. Tambaya ce mai tushe, kuma wajibi ne a ba shi cikakkiyar amsa.

Da wa za a yi aikin

Gaisuwa wurin uban ƙasa da hakimi da mai unguwa wajiba ce, domin sai da ɗan gari akan ci gari, amma izinin shiga ne kawai ka samu. Abokin aiki shi ne ƙungiyar da take da mambobi na haƙiƙa, take da ranar zama, kuma matsalar da za a bincika take taɓa ta kai tsaye. A kowace mazaɓa akwai kwamitin raya mazaɓa da ke haɗe da ƙaramin asibiti, kuma nan ne ƙofar farko, sai dai wasu suna aiki, wasu kuma suna ne a takarda, don haka ka nemi ganin littafin zamansu kafin ka dogara da su. Bayan su akwai ƙungiyar manoman shinkafa, da masunta ƙarƙashin sarkin ruwa, da direbobin tasha waɗanda a wurare da yawa su ke kai mata masu naƙuda asibiti da dare, da 'yan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da malaman Islamiyyar matan aure, da matan adashi, da ungozomomi da wanzamai, da arɗo-arɗon rugage. A ƙasar Zuru ka haɗa da ƙungiyoyin matan coci, kuma ka tuna ba kowa Hausa ta zauna wa a baki ba: tsohuwar Badakkariya ko Bakambariya za ta iya gaisawa da Hausa, amma zancen haila ko ɓarin ciki sai da harshenta.

Shawarata ita ce ka zaɓi ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, kuma a zauna da su daban-daban. Idan aka haɗa su a zaure ɗaya, maza za su yi magana, mata su yi shiru, ɗalibi ya rubuta cewa an cimma matsaya. Ka tabbatar akwai ɗalibai mata a kowane rukuni, domin su kaɗai za su shiga cikin gida.

Zaɓen tambaya, inda aikin yake

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne mafi yawan malamai suke gaggawa. Wata shekara na fita da ɗalibai zuwa wani gari na manoman shinkafa, sun riga sun shirya za su binciki amfani da gidan sauro. Suna da hujja, domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran Kebbi na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, adadin da ya fi na kowace jiha. Na hana su fito da takarda a kwanaki ukun farko. Aikinsu shi ne su zauna a tabarma su saurara, su zaga gari tare da wani ɗan ƙungiya, su zana taswirar inda ake ɗiban ruwa da inda yara ke wanka da inda ake bahaya. A zama na biyu wani dattijo daga cikin manoman ya ce zazzaɓi kam sun san shi, kuma kowace shekara ana zuwa a yi musu zancensa, amma abin da ke damunsa shi ne jikokinsa suna fitsarin jini, an ce an raba magani, shi kuwa bai ga ya ragu ba. Washegari a Islamiyyar mata, wata uwa ta yi wa ɗalibai mata bayanin da ya sauya komai. Ta ce ana raba maganin tsargiya, wato cutar fitsarin jinin, a makarantar firamare, alhali yaran da suka fi shiga ruwa, wato masu korar tsuntsaye a fadama da 'yan matan da ke wanki a bakin gulbi da almajiran tsangaya, ba su cikin wannan makarantar.

Wannan tambayar bincike ce ta gaske, kuma ta fi wadda muka zo da ita kyau: shin yaran da ba su zuwa makarantar boko sun fi kamuwa da tsargiya, kuma kashi nawa cikinsu suka taɓa samun magani? Aikin malami a daidai nan shi ne ya nuna wa ɗalibi yadda ake mayar da koken jama'a tambayar da za a iya aunawa. Mutane sun kawo abin da ke damunsu, ɗalibi ya kawo sanin cewa tsutsar tana fitowa daga dodon koɗi ta huda fatar wanda ya shiga ruwa, cewa ana gane ta da gwajin jini a fitsari ko da ganin ƙwan a madubin likita, kuma dole a ƙayyade shekarun yaran da yawan da za a gwada kafin a fara. Babu ɗayan ɓangarorin biyu da zai iya kaiwa ga wannan tambayar shi kaɗai.

Da aka zo tsara aikin ma, mutanen garin suka gyara mana abubuwan da ba za mu gani ba. Ƙwan tsargiya sun fi fita a fitsari tsakanin ƙarfe goma na safe zuwa biyun rana, wato daidai lokacin da yara ke fadama. Malamin tsangaya ya ce a zo ranar Alhamis, da ba a karatu. Matan suka ce kada a ba 'yan mata kwalbar fitsari a bainar jama'a, a bar su su karɓa a gidan ungozoma. Ɗalibai sun fassara takardarsu da kalmomin asibiti, sai 'yan ƙungiyar suka karanta suka nuna musu wuraren da ba wanda zai gane, kuma suka faɗa musu cewa wasu iyayen ba za su ce yaro ba shi da lafiya ba idan yana fitsarin jini, domin sun ɗauke shi alamar girma ce ga ɗa namiji. Da an tambaya "Yaronki ba shi da lafiya?" da an samu amsar da ba daidai ba daga gidaje da yawa. Ka ga a nan shigar jama'a ƙara wa binciken inganci ta yi.

Inda ba a sassauci

Duk da haka tsoronka yana da tushe, kuma akwai wuraren da ɗalibi zai tsaya da ƙafarsa cikin ladabi. Na farko shi ne zaɓen gidajen da za a shiga. Mai unguwa, da kyakkyawar niyya, zai so ya kai ku gidajen da ya san za a karɓe ku da fara'a, ko gidajen da ya san akwai marasa lafiya, kuma kowanne daga ciki yana karkatar da sakamako. Maganin wannan shi ne a yi ƙuri'ar a gaban kowa: a rubuta lambobin gidaje a ƙananan takardu, a zuba a ƙwarya, a kira yaro ya ciro. Mutanenmu sun san ƙuri'a, sun kuma yarda da adalcinta, kuma a ranar ɗalibi yake fahimtar dalilin zaɓen da ba son rai, fiye da yadda zai fahimta a aji.

Haka nan yardar shugaba ba ta maye gurbin yardar mutum. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, waɗanda aka fitar a 2007, sun wajabta a samu amincewar kwamitin ɗa'a kafin a fara, sannan kowane mutum ya yarda da kansa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Idan maigida ya ce ya amince, a gode masa, sannan a tambayi matar ita kaɗai, a kuma faɗa mata ƙin amincewa ba zai hana a duba ta a asibiti ba. Yaro mai wayo ma a nemi yardarsa bayan ta iyayensa. Akwai wata matsala da haɗin gwiwa ke haifarwa wadda ya kamata ka sani tun da wuri: ɗan ƙungiyar da ke raka ɗalibi maƙwabcin mai ba da amsa ne, kuma gobe za su haɗu a masallaci ko a kasuwa. Don haka ya tsaya a ƙofa idan an zo tambayoyin sirri, kuma kada sunan kowa ya hau takardar da za ta zaga hannuwa, lamba kawai za a sa.

Game da neman amincewar kwamitin ɗa'a kuwa, tunda tambayar ba ta fitowa sai an zauna da mutane, ka raba aikin gida biyu. Zaman sauraro ya gabaci fitar ɗalibai da aƙalla wata biyu, a rubuta tsarin, a miƙa wa kwamiti, sannan a fita tattara bayanai.

Kuɗi, da mayar da sakamako

Ka yi zancen kuɗi a fili tun ranar farko. Wanda ya bar gonarsa ya yini yana raka ɗalibai ya cancanci kuɗin mota da abinci, kuma a faɗi adadin a gaban ƙungiya don kada zargi ya shiga tsakaninsu. Amma kada ɗalibi ya yi alkawarin rijiyar burtsatse ko ginin asibiti saboda kunyar dattawa, domin alkawarin da bai cika ba a kan ɗaliban baɗi yake faɗawa. Abin da ba a ɗaga ƙafa a kansa shi ne duk wanda gwaji ya nuna yana da cuta a ba shi magani ko a haɗa shi da inda zai samu. A aikin tsargiyar da na faɗa, mun shirya da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma tun kafin a ɗauki fitsarin farko, aka tanadi maganin da sandar awon tsayi da ake ƙayyade yawan ƙwayoyi da ita, matan ƙungiya kuma suka dama kunu, saboda ba a son a sha shi da yunwa.

Mayar da sakamako darasi ne mai zaman kansa, kuma yana da wuya fiye da rubuta kundi. Ɗalibin da ya saba da jadawali sai ya tsaya a gaban mutanen da suka ba shi lokacinsu ya faɗi abin da ya gano da Hausar da kaka za ta gane. Ina sa su yi amfani da tsakuwa ko ƙwayar wake: a jera goma, a ware waɗanda suke wakiltar masu cutar. Sannan a yi shiru a bar mutane su fassara, domin sau da yawa su ke da bayanin dalilin da ya sa unguwa kaza ta fi unguwa kaza. A bar wa ƙungiyar taƙaitaccen rahoto na shafi ɗaya ko biyu, da boko da ajami idan da hali, wanda za su iya ɗauka su kai wa shugaban ƙaramar hukuma da kansu. A kuma rubuta sunan ƙungiyar a kundin a matsayin abokiyar aiki, tare da neman ra'ayinta kafin a buga sunan garin a wata mujalla, domin babu garin da ke son a san shi da cuta.

Duk wannan ba zai zauna ba idan ba ka sa shi cikin maki ba. Ɗalibin likitanci yana da jarrabawa da yawa a gabansa, kuma abin da ake ba maki shi yake ɗauka da muhimmanci. Ni nakan ware wani kaso na makin ga taron mayar da sakamako, wani kason kuma ga littafin da ɗalibi ke rubuta abin da ya gani da abin da ya sauya masa tunani kullum, kuma nakan tambayi shugabannin ƙungiyar yadda kowane ɗalibi ya zauna da mutane.

Iyakar abin da na faɗa

Makonni shida ba su isa gina amana ba. Ɗalibai suna wucewa, don haka dangantakar ta kasance tsakanin sashenku da garin, ku riƙa komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara, kowane rukuni ya ɗora daga inda na baya ya tsaya. Binciken ɗalibi kuma ƙarami ne, yana nuna halin gari ɗaya a lokaci ɗaya, ba ya tabbatar da cewa abu kaza shi ya haddasa abu kaza, kuma a koya masa ya faɗi hakan a gaban jama'a ba tare da jin kunya ba. Ƙungiyoyi su ma suna da siyasarsu, kuma wanda ya fi talauci sau da yawa ba ya cikin kowace ƙungiya, sai an neme shi da gangan. Wani lokaci abin da jama'a suka fi so a bincika ya fi ƙarfin ɗalibi, sai a faɗa musu gaskiya a nemi wanda za a iya.

Sannan akwai tsaro. Ƙwarewata ta fi yawa a garuruwan bakin ruwa na Kebbi, kuma ba zan ba ka shawarar kai ɗalibai su kwana a inda hanya ba ta da aminci ba, ko a Zamfara ko a kudancin Kebbi. A irin wannan hali a yi aiki da unguwannin cikin gari da mutanen da rikici ya raba da ƙauyukansu, waɗanda suke da shugabanninsu da buƙatun lafiya masu yawa.

Idan kana neman take na bana, ga wanda ke gabanmu: tun watan Disambar 2024 aka fara yi wa yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa, kuma allura huɗu ce, ta ƙarshen tana zuwa bayan tazarar watanni. Abin da ke sa uwa ta dawo ko ta kasa dawowa tambaya ce da matan Islamiyya da ungozomomi za su iya taimaka wa ɗalibanka su tsara. Amma kafin ka yanke, ka je da kanka tun ɗalibai ba su fita ba, ka nemi kundayen da aka rubuta a kan garin a shekarun baya, ka taƙaita abin da ke cikinsu, ka fara zamanka na farko da karanta wa ƙungiyar sakamakon da ba a taɓa kawo musu ba, sannan ka tambaye su abin da suke so a duba a wannan karon.